"Ya Jiki?" "Da Sauƙi": Tambayar da Ba Ta Kai ga Gadon Asibiti

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi da la'asar ya san yadda wurin yake. Kulolin abinci a ƙarƙashin gado, tabarmar mai jinya a naɗe a jikin bango, buta, ledar lemo da ayaba. Masu dubiya su shigo da sallama, su tsaya a kan yarinyar da ke kwance: "Sannu, ya jiki?" Ita kuma ko zazzaɓi na kaɗa ta, ko ta kwana ba ta runtsa ba, amsarta ɗaya ce: "Da sauƙi." In ta yi nauyin baki, uwarta ko goggonta ta amsa mata. Bahaushe ba ya ce wa mai dubiya babu sauƙi. Tarbiyya ce, kuma ba ni da abin kushe ta da shi. Sai dai likitan da ya tsaya a kan wannan amsa zai rubuta sallama bai ji rabin abin da ke cin mara lafiyarsa ba.

Akwai tambayar da ba kasafai ake jin ta a ɗakunan kwanciya na asibitocinmu ba, alhali a wasu ƙasashe ta shiga cikin aikin yau da kullum tamkar awon zafin jiki. Ma'aikaciyar jinya ta keɓe da yaro ko matashin da aka kwantar, ko da karaya ce ta kawo shi, ta tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu, ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Mai karatu zai iya cewa a'uzubillahi, wannan ai ba zancenmu ba ne. Ni kuwa ina ganin a yankin noma irin na kudancin Katsina tambayar ta fi zama dole fiye da a biranen da aka ƙirƙiro ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 720,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29, wannan ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe su, kuma kashi 73 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke faruwa. A nan gida, binciken da Farfesa Olayinka Omigbodun da abokan aikinta suka wallafa a 2008, a kan 'yan makaranta fiye da 1,400 a kudu maso yammacin Najeriya, ya gano fiye da ɗaya cikin biyar sun taɓa yin irin wannan tunani, kuma kusan 12 cikin 100 sun ce sun gwada a shekarar da ta gabaci binciken. Su ma 'ya'yan masu salla ne da masu zuwa coci. A karkararmu kuwa ana binne mamaci cikin sa'o'i, ba takardar shaidar mutuwa, ba binciken gawa, dangi su ce ajali ne, maƙwabta su kama bakinsu. Shirun da ake ji ba shaida ba ne cewa abin ba ya faruwa.

Tambayoyi huɗu

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi yaɗuwa wajen tantance yara a asibiti ana kiranta ASQ. Dokta Lisa Horowitz da abokan aikinta na Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasar Amurka ne suka fitar da ita a 2012, bayan sun gwada ta a kan marasa lafiya 524 'yan shekara 10 zuwa 21 a sashen gaggawa na asibitocin yara uku. Tambayoyi huɗu ne da ba su cin rabin minti. Ana tambayar yaron ko a 'yan makonnin nan ya yi fatan mutuwa. Ko ya ji kamar shi ko iyalinsa za su fi samun sauƙi in ba ya raye. Ko a makon da ya wuce ya yi tunanin kashe kansa. Da kuma ko ya taɓa gwadawa. In ya amsa e ga ko da guda, sai a ƙara ta biyar: yanzu haka tunanin yana ransa? A gwajin farko, tambayoyin sun kamo kusan 97 cikin kowane 100 na yaran da cikakken bincike ya nuna suna cikin haɗari. A 2020 aka sake gwada su a kan yara 600 da aka kwantar saboda ciwon jiki ko tiyata, sai ga kusan ɗaya cikin bakwai ya amsa e. A 2022 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa tambayar duk wanda ya kai shekara 12.

Dalilin da ya sa aka zaɓi asibiti ba wani ɓoyayye ba ne. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2014 ya nuna kusan rabin waɗanda suka kashe kansu sun ga ma'aikacin lafiya a cikin mako huɗu na ƙarshen rayuwarsu, akasari kan wani ciwo dabam. Sun zo, an duba su, sun tafi, ba wanda ya tambaya. A wurinmu dalilin ya ma fi wannan ƙarfi. Yarinya 'yar shekara 15 daga wani ƙauye a Kafur ko Danja, wadda aka cire daga makaranta ko ba a taɓa sa ta ba, ina za ta haɗu da babban mutum wanda ba danginta ba ne, ba dangin mijinta ba, kuma aikinsa ya tilasta masa riƙe sirri? In ba a gadon asibiti ba, babu.

Mutanen yankin nan ba baƙin tantancewa ba ne. Kowace uwa ta san zaren nan mai ja da rawaya da kore da ake zagaya wa damtsen yaro don gano tamowa. Tun a shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka yi shekaru suna bin ƙauyukan Malumfashi suna ƙidayar tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Ita tsargiya ma, har yau tambaya ɗaya ake yi wa 'yan makaranta a san inda ta yi katutu: kana ganin jini a fitsarinka? Tambayoyin ASQ irin wannan aikin suke yi. Rariya ce, tana ware wanda ya kamata a zauna da shi. Rariya ba ta tuƙa tuwo.

Babban tsoron iyaye, har da ma'aikatan lafiya da yawa, shi ne kada tambayar ta tuna wa yaro abin da bai sani ba, a tayar da shaiɗanin da ke barci. An gwada wannan. A 2005 Madelyn Gould ta Jami'ar Columbia ta raba ɗaliban sakandare fiye da 2,300 a jihar New York gida biyu, aka yi wa rabi irin waɗannan tambayoyi, aka bar rabi. Bayan kwana biyu waɗanda aka tambaya ba su fi sauran damuwa ko tunanin mutuwa ba. Waɗanda ma ke cikin ƙunci tun da farko sun ɗan samu sassauci. Bitar da masana a King's College ta Landan suka yi a 2014 ta kai ga matsaya ɗaya. Wanda abin ba ya ransa zai yi mamaki ya ce a'a. Wanda yake ransa ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai.

Da wane baki za a tambaya?

Nan ne aikin yake. Ba za a ɗauko takarda daga Amurka a mayar da ita Hausa kalma da kalma a ce an gama ba. Mu ko suna guda ba mu da shi na wannan abu. "Kisan kai" a bakinmu kashe wani ne, "ƙunar baƙin wake" kuwa rediyo ya riga ya bar wa masu ɗaura bam. Sai dai a ce wane ya kashe kansa, ko ya halaka kansa, in ma an faɗa ke nan. Ga shi kuma mutuwa ba ta rabuwa da bakinmu ko a hirar raha: "kamar in mutu don kunya," "yaran nan za ku kashe ni." Wanda abin ya kai masa wuya kuwa sau da yawa kewaye yake yi. Za ka ji "na gaji da duniyar nan," ko "gara in tafi kowa ya huta," ko yarinya ta bi 'yan gida ɗaya bayan ɗaya tana "ku yafe ni" ba tafiya za ta yi ba. Kunnen da ya tashi cikin harshen ne kaɗai zai rarrabe wasa da gaske, shi ya sa dole ma'aikatan jinya na nan, da malaman Hausa, da su matasan kansu su zauna a kan kalmomin, a gwada su a kan marasa lafiya na gaske kafin a buga.

Murray Last, Baturen nan da aka fi sani da littafinsa kan Daular Usmaniyya, ya zauna cikin Maguzawa a ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke mu'amala da cuta. A 1981 ya wallafa wata maƙala da ta yi fice, inda ya nuna cewa a sha'anin ciwo mutanen yankin sau da yawa ba su sani ba, kuma ba su son su sani, domin yawan bincike a kan ciwon wani ba ladabi ba ne. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma duk wanda ya taɓa tambayar maƙwabcinsa me ke damun 'yarsa aka ce masa "ɗan zazzaɓi ne" ya san maganar ba ta tsufa ba.

Cikin tambayoyin huɗu, ta biyu ce ta fi tsaya mini a rai, wato ko yaro na jin iyalinsa za su huta in ba shi. A ɗauki mai ciwon sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya, ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a duk shekara, kuma babu ɗakin yara a asibitocin Arewa da za ka shiga ka rasa su. Yaro ɗan shekara 14 da ake kwantarwa sau uku ko huɗu a shekara ba kurma ba ne. Yana kwance ido a rufe yana jin mahaifinsa a bakin ƙofa yana lissafin buhun masarar da za a kai kasuwar Bakori ko Dandume don a sayi jini da allurai. Ya ji an sayar da ragon uwarsa. Ya ji kishiyarta ta yi habaici a kan kuɗin da ake zubawa a rijiya. Babu wanda ya ce masa ya zama kaya, amma ya iya lissafi. Haka mai farfaɗiya da 'yan'uwansa ba su cin abinci kwano ɗaya da shi. Haka yarinyar da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, jariri ya mutu, miji ya aiko da takarda, tana jiran a kai ta asibitin Babbar Ruga a Katsina. Haka saurayin da aka kawo ya sha ƙwaya ta fi ƙarfinsa, kowa na kallonsa a matsayin ɗan shaye-shaye, ba wanda ya tambaye shi ko da gangan ya yi.

Sannan ga abin da shekarun nan suka ɗora wa yaran yankin. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A Agusta 2025 aka buɗe wa masallata wuta ana sallar asuba a Unguwar Mantau cikin ƙaramar hukumar Malumfashi. Tsakanin waɗannan biyun, ƙauyuka nawa ne suka tashi a Faskari da Sabuwa da Dandume? Yaron da ya ga an harbe mahaifinsa a gona, ko yarinyar da ta dawo daga daji bayan an biya kuɗin fansa, asibiti za a kai su a duba jiki. A ɗinke rauni, a ƙara ruwa, a ce Allah Ya kiyaye gaba.

Ko an samu kalmomin, saura wurin faɗarsu. Ƙa'idar ASQ ita ce a nemi iyaye su ɗan ba da wuri. A asibitinmu kuwa mai jinya ita ce ke wanka, ita ke ba da abinci, ita ke sayo magani, ba ta matsawa ko nan da can, ga gado kusa da gado. Yarinyar da auren dole ne damuwarta ba za ta buɗe baki a gaban wadda ta kai ta ɗakin ba. Amma wannan ba gagara-badau ba ne. Ma'aikaciyar jinya mai dabara ta san yadda za ta ce, "Inna, ɗan ba mu wuri zan duba ta, kowa haka muke yi masa," sannan ta ja kujera ta sassauta murya: "Ƙanwata, zan tambaye ki wani abu da nake tambayar duk wanda aka kwantar a nan." Wannan "kowa" ɗin shi ne sirrin. In aka zaɓi wasu aka bar wasu, tambayar ta zama zargi, har a fara raɗe-raɗin cewa 'yar gidan wane ta samu taɓin hankali. Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, wannan ba sai an faɗa ba.

Abin da ke ajiye a zaure

Abin da ya sa na ce yankin noma ya fi birni bukatar tambayar shi ne maganin feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ko na ciyawa suke yi, mafi yawa a karkara. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ƙasar masara da dawa da auduga da waken suya, yau da wuya ka samu gidan manomi da babu shi: a zaure, a bayan rumbu, a ƙarƙashin gado, wani lokaci an juye shi a gorar lemo. Samari ne ma ke goya tankin feshin. Bincike a Siri Lanka ya nuna fiye da rabin waɗanda suka sha irin wannan guba ba su kai minti 30 suna tunani ba. Faɗa ne aka yi a gida, rai ya ɓaci, abin kuma yana kusa. Da ƙasar ta hana shigo da magunguna mafi haɗari, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta rayuka 93,000 suka tsira, noma kuma bai faɗi ba. A nan, hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da kantuna a 2019. Wanda ya zaga kasuwar ƙauye ya ga masu tallan fiya-fiya zai yanke wa kansa hukuncin yadda hanin ya yi aiki.

Saboda haka idan yaro ya amsa e, abu mafi saurin amfani da za a yi ba ya bukatar ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa. A kira mahaifin gefe, cikin mutunci, a ce, "Baba, kafin ku koma gida, duk wani maganin gona a fitar da shi daga inda yara ke kaiwa, a sa masa kwaɗo, makulli a aljihunka." Kusan tara cikin goma na waɗanda suka gwada suka tsira ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Guguwa ce mai wucewa, in dai ba ta tarar da kwalbar a kusa ba.

Doka da malamai

Akwai dalilin da ya sa iyaye ke ce wa likita "kuskure ne, ta ɗauka ruwa ne." Sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tara ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, sashe na 327 na dokar laifuka ta Kudu ma haka. Gado ne daga Turawan mulkin mallaka, su kuwa Ingila tun 1961 suka soke tasu. Indiya ta sassauta a 2017, Pakistan ta soke a 2022, Ghana da Malesiya a 2023. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta goge waɗancan sassan ba, sai daga baya Ma'aikatar Lafiya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta kafa kwamitin da zai bi hanyar soke su. Ba kasafai ake kai yaro kotu a kan wannan ba, gaskiya ne. Amma ta yaya za ka ce wa mutum ya gaya maka gaskiya a kan abin da littafin doka ya kira laifi?

Ta fuskar addini, haramcin a bayyane yake, aya ta 29 a Suratun Nisa'i da hadisai ingantattu sun yanke magana, kuma tsoron Allah ya tsare mutane da yawa a daren da ba abin da zai tsare su sai shi. Sai dai haramcin aiki bai haramta tambayar wanda ke cikin ƙunci ba. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufail ɗan Amru, ya kwanta ciwo a Madina, ya kasa jurewa har ya yi sanadin ajalinsa, kuma Manzon Allah (SAW) ya roƙa masa gafara. Mara lafiya ne, a baƙon gari, ciwo ya fi ƙarfinsa. Ina ma masu wa'azinmu, da limaman da ke zagaya asibiti suna yi wa marasa lafiya addu'a, za su riƙa kawo wannan labarin tare da na azabar.

In ya ce e, sai me?

Masu sukar tantance kowa da kowa suna da hujja, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. A 2022 ɗin da likitocin yara na Amurka suka ce a tambayi kowa, kwamitin ƙwararru da ke auna hujjojin rigakafi a ƙasar ya ce bai ga isasshiyar shaidar da zai ce a yi ko kada a yi a ƙananan asibitoci ba. Kamo mai haɗari abu ne, hana mutuwa wani abu ne dabam. Mu kuma ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 200 da likitocin ƙwaƙwalwa da ba su kai 300 ba, masu kula da yara a cikinsu 'yan ƙalilan. Daga Funtuwa, mafi kusa shi ne Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, sai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko a nufi Katsina. Manomin da ya riga ya sayar da hatsinsa ba zai ɗauki takardar turawa ya sake hawa mota ba. Aljihu zai sa ta. A tambayi yarinya ta buɗe cikinta, sannan a sallame ta da "ki yi haƙuri," wannan ya fi rashin tambayar muni, domin ta koyi cewa faɗa ba ta da amfani.

Amma ba a rasa abin yi da hannun da ake da shi ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar mhGAP don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, akwai babi guda a kan wannan matsala, kuma Najeriya ta karɓe ta. Wani gwaji da hukumar ta jagoranta a Brazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, aka wallafa a 2008, ya bi mutum 1,867 da aka kawo asibiti bayan sun yi yunƙuri. Rabi an yi musu maganin da aka saba. Ɗaya rabin an ƙara musu zaman bayani na awa ɗaya kafin sallama, sannan wani ma'aikaci ya riƙa kiransu ko leƙa su sau tara cikin wata 18. A rukunin farko 2.2 cikin 100 suka mutu ta hanyar kashe kansu. A na biyu 0.2. Ba sabon gini, ba na'ura. A Legas, shirin SURPIN da aka kafa a asibitin koyarwa na LUTH a 2017 yana amsa kiran masu irin wannan damuwa ta waya, har da Hausa.

Asibiti irin na Funtuwa ko Malumfashi zai iya farawa da ɗaki ɗaya: masu sikila da ake yawan kwantarwa, da duk wanda aka kawo da shan guba ko ƙwaya, ko da dangi sun rantse kuskure ne. Ma'aikatan jinya biyu ko uku da aka horar, labule ko ɗan ofishin da za a rufe ƙofa, littafin da ba kowa ke buɗe shi ba, da katin waya. Mako guda bayan sallama wayar mahaifin ta yi ƙara a gona, a gaisa, a tambaye shi kwaɗon nan, sannan a ce, "Baba, in ka koma gida a ba ni ita mu gaisa." Za ta ce da sauƙi. Sai mai kiran ta ɗan yi shiru, ta sake tambaya.